Sunayen Kumburi a Hausa da Matsalar Tantance Sankarar Kaluluwa: Nazari Daga Ƙasar Yawuri

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda Hausa ke sanya wa kumburin wuya da muƙamuƙi da ciki suna da yadda likitancin zamani ke rarrabe limfoma da dangoginta na sankarar jini. An ɗauki ƙasar Yawuri a matsayin farfajiyar nazari saboda yawan zazzaɓin cizon sauro a gaɓar tafkin Kainji, wanda ke da alaƙa da limfomar Burkitt da kumburin saifa. Nazarin ya nuna cewa sunayen Hausa sun dogara ne da gurbin kumburi da kamanninsa, alhali rabe-raben asibiti sun dogara da irin ƙwayar halittar da ta lalace. An kammala da shawarar kalmomin da masu fassara da ma'aikatan lafiya za su iya amfani da su.

Fitilun Kalmomi: kaluluwa, sankara, daji, limfoma, Yawuri

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun daɗe suna bibiyar tunanin Bahaushe game da cuta da magani. A 1981 Murray Last ya nuna, bisa aikinsa a yankin Malumfashi, cewa majinyata da yawa ba su damu da sanin tsarin da mai magani ke bi ba matuƙar za a samu sauƙi. A 1988 Lewis Wall ya fitar da littafinsa a kan magungunan Hausawa daga wannan yanki, sannan Aliyu Muhammad Bunza ya nazarci magungunan malaman tsibbu a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Bayero a 1995. Wannan maƙala ta ɗauki ɓangare ƙarami daga wannan fage, wato sunayen kumburi, domin akwai cututtukan da sanin ainihin sunansu shi ke raba warkewa da mutuwa.

A bakin jama'a da kafofin yaɗa labarai, kalmomin "daji" da "sankara" da "kansa" suna rufe cututtuka masu yawa. A ƙarƙashin limfoma kaɗai, jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya ya lissafa nau'o'i fiye da hamsin. Wasu suna kashewa cikin makonni amma suna warkewa da magani, wasu kuma mutum yana rayuwa da su shekaru ba tare da an fara ba shi magani ba. Idan mai fassara ya ce wa uwa "daji ne" ya tsaya a nan, bai gaya mata wanne daga cikin waɗannan ya kama ɗanta ba.

2.0 Ƙasar Yawuri da Dalilin Zaɓenta

Masarautar Yawuri ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi. Fadar sarki tana Yelwa, tsohon Birnin Yawuri kuwa yana cikin Ngaski. Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa da Sarkawa da Fulani suna zaune tare da Hausawa, kuma Hausa ce harshen kasuwa da asibiti. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da garuruwan gaɓa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni.

Tafkin da fadamun shinkafa sun sa sauro ba ya yankewa. Binciken ƙasa a kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, adadi mafi yawa a Nijeriya, inda matsakaicin ƙasa ya kasance kashi 22. A Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kamar yadda za a gani, wannan zazzaɓi yana da hannu a biyu daga cikin cututtukan da maƙalar ta tattauna.

3.0 Yadda Hausa ke Sanya wa Kumburi Suna

Idan aka jera kalmomin kumburi, za a ga ma'aunai biyu: ina ya fito, kuma yaya kamanninsa.

i. Kaluluwa: kumburi a matsematsi ko hammata ko wuya, yawanci bayan rauni ko ƙurji a kusa.
ii. Hangum: kumburin kumatu ƙasa da kunne, mai kama yara.
iii. Maƙoƙo: kumburin gaban wuya mai daɗewa.
iv. Maruru: kumburi mai zafi da ke nuna ya tara mugunya.
v. Ƙari: tsiro mai tauri a cikin jiki ko ƙarƙashin fata.
vi. Saifa: sunan gaɓar, kuma sunan kumburinta.
vii. Daji ko sankara: kumburi ko gyambon da ya ƙi jin magani yana cin nama.

Abubuwa biyu sun cancanci lura. Na farko, kaluluwa suna ne na kumburin. Ƙwayar da ke kumbura tana nan a jikin kowane mai lafiya, ɗaruruwanta, tana tace ƙwayoyin cuta, amma harshe bai kula da ita ba sai ta tashi. Saboda haka a tunanin mai magana kaluluwa aba ce mai zuwa ta wuce, ba a jin tsoronta. Na biyu, "daji" suna ne da ake bayarwa a ƙarshe, bayan an gwada sassaƙe da shafe-shafe da tsaga da sakiya duk sun gaza. Kumburi ɗaya yakan fara da sunan hangum ko ciwon haƙori, ya koma ƙari, ya ƙare da sunan daji. Tare da wannan suna kuma akwai imanin da ya yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wanda ke sa iyali su ƙi yarda a yanki nama don gwaji.

4.0 Yadda Likitanci ke Rarrabewa

4.1 Tushen Rabewa

A cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini: jajaye masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da jini. Daga cikin fararen akwai jinsin limfosait, wanda ya kasu zuwa B da T, kuma shi ne ke zama a kaluluwa da saifa. Idan ƙwaya ɗaya daga wannan jinsi ta lalace ta riƙa hayayyafa ba tsayawa har ta tara ƙari, an samu limfoma. Idan lalatattun ƙwayoyi suka cika ɓargo suka malala cikin jini, an samu lukimiya. Idan kuwa ƙwayar filasma ce, wadda ke samar da sinadaran garkuwa, an samu mayeloma.

Iyakar da ke tsakaninsu ba katanga ba ce. A wani nau'in da ke kama yara, idan ƙwayoyin da ba su nuna ba suka wuce kashi 25 cikin 100 na ɓargo ana kiransa lukimiya, idan ba su kai ba ana kiransa limfoma. Likitoci ma sun daɗe suna gardama a kan rabe-raben: an yi tsarin Rappaport, da na Kiel a 1974, da wani na haɗin gwiwar Turai da Amurka a 1994, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata a 2001, wanda aka sabunta a 2008 da 2016 da 2022.

4.2 Limfomar Hodgkin

A 1832 Thomas Hodgkin na asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana majinyata bakwai masu kumburin kaluluwa da saifa. Carl Sternberg a 1898 da Dorothy Reed a 1902 suka siffanta wata babbar ƙwaya mai cibiya biyu kamar idanun mujiya, kuma ganinta a madubin likita shi ne ginshiƙin tantance cutar har yau. Takan fara da kaluluwar wuya marar zafi, mai taushin roba, ta bi daga rukuni zuwa na kusa da shi. Wasu majinyata suna da zazzaɓi fiye da digiri 38, da gumin dare mai jiƙa tufafi, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida. Inda magani ya wadata, fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa.

4.3 Limfomar Burkitt

Duk limfomar da ba ta Hodgkin ba ana tara ta a rukuni guda mai faɗi, kuma a cikinsa wadda ta fi shafar yaran Afirka ita ce ta Burkitt. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kamfala a Yuganda, ya wallafa bayanin yara 38 masu ƙarin muƙamuƙi. A 1961 ya zagaya asibitocin gabashi da kudancin Afirka, ya gano cewa cutar tana bin wurare masu zafi da damshi, tana ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi da busassun yankuna. Wannan taswira ta yi daidai da ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1964 Anthony Epstein da Bert Achong da Yvonne Barr suka gano bairos a cikin ƙwayoyin ƙarin, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Epstein da Barr.

Nijeriya tana da gurbi a wannan tarihi. A Ibadan ne R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin cutar daga wani yaro ɗan shekara 11 a 1963, kuma ana amfani da zuriyar waɗannan ƙwayoyi a ɗakunan bincike na duniya har yau. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar Lasker a 1972 saboda nuna cewa magani yana narkar da ƙarin.

Bayanin masana shi ne, bairos ɗin yana shiga ƙwayoyin B tun yaro yana ƙarami, zazzaɓi mai maimaituwa kuma yana tunzura su su yi ta hayayyafa tare da raunana masu sa musu ido. A cikin wannan hali wani yanki na kuromosom na 8 yakan koma kan na 14, sai umarnin rabuwa ya kasance a kunne kullum. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun ninka mata. Tana fitowa a muƙamuƙi, inda haƙora ke girgiɗi su kauce daga layinsu, ko a bayan ido, ko a cikin ciki. Ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan saurin ne kuma ya sa take jin magani: a ƙasashe masu wadata kusan yara tara cikin goma suna warkewa, a yawancin asibitocin Afirka kudu da Sahara kuwa adadin yana wajen rabi ko ƙasa da haka, kuma zuwa a makare yana cikin manyan dalilai.

4.4 Lukimiya da Mayeloma

Rudolf Virchow na Jamus ne ya raɗa sunan lukimiya a 1847, ma'anarsa farin jini. Ana raba ta bisa sauri da kuma jinsin ƙwaya, abin da ya ba da manyan nau'o'i huɗu. Mai gaggawa tana zuwa da ƙarancin jini da zazzaɓi da haɓo da zubar jini daga dasashi da ciwon ƙashi, abin da ke sa a ɗauke ta zazzaɓi ko amosanin jini. Mai jinkiri takan ɓoye shekaru, sai saifa ta cika ciki. A ɗaya daga cikin masu jinkirin, Peter Nowell da David Hungerford sun gano guntun kuromosom a 1960, Janet Rowley ta nuna a 1973 cewa musanya ce tsakanin na 9 da na 22, kuma tun 2001 akwai ƙwayar magani ta imatinib da ke toshe aikinsa. Wanda aka tabbatar yana da wannan nau'i yana iya rayuwa shekaru masu yawa yana shan ƙwaya kullum.

Mayeloma ta fi kama dattawa. Alamominta ciwon baya, karayar ƙashi ba tare da faɗuwa mai tsanani ba, ƙarancin jini da lalacewar ƙoda. Bahaushe yakan sanya waɗannan a babin sanyin ƙashi ko tsufa.

5.0 Kama da Wane Ba ta Wane

Ba kowane kumburi ne sankara ba, kuma mafi yawan kaluluwar yara martani ce ga ƙurji ko ciwon maƙogwaro. A ƙasar Yawuri cututtuka huɗu ne suka fi rikitar da mai dubawa.

Tarin fuka na kaluluwa yana kawo kumburin wuya da zazzaɓi da gumin dare da rama, daidai da limfomar Hodgkin. Bambancin da hannu ke iya ji shi ne ƙwayoyin tarin fuka sukan manne da juna, su yi laushi su fashe suna tsiyaya. Wannan bai isa hujja ba, shi ya sa wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka bai samu sauƙi ba bayan wata ɗaya zuwa biyu ya kamata a yanki kaluluwarsa a duba. Mai cutar ƙanjamau kuma yana iya ɗauke da duka biyun.

Kumburin saifa na zazzaɓi yana kama da lukimiya mai jinkiri da wata limfoma ta saifa. A Zariya aka yi muhimmin aiki a kansa: Anthony Bryceson da Y. M. Fakunle da Alan Fleming da Brian Greenwood suna cikin waɗanda suka nazarci manyan saifofi a arewacin Nijeriya a shekarun 1970, kuma a 1981 Fakunle ya tsara sharuɗɗan tantancewa. Daga ciki akwai saifar da ta sauko santimita 10 ƙasa da haƙarƙari, da hauhawar wani sinadarin garkuwa a jini, da raguwar saifar bayan an daɗe ana shan maganin zazzaɓi. Saifar da ta ƙi raguwa tana buƙatar binciken jini da ɓargo.

Hangum yana da zafi, yakan kama yara da yawa a unguwa ɗaya, kuma yana saɓewa cikin kwana goma ko makamancin haka. Ƙarin Burkitt yana cikin ƙashin muƙamuƙi, galibi ba shi da zafi da farko, kuma ƙaruwa yake yi.

Cutar noma, wadda wasu iyaye ke kira ciwon daji, tana fara da gyambon dasashi mai wari ta ci kumatu. Ƙwayoyin cuta ne da rashin abinci mai gina jiki ke haddasa ta, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. A nan suna ɗaya ya haɗa sankara da abin da ba sankara ba.

6.0 Matakan Tantancewa

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara shida daga wani ƙauyen gaɓa a Ngaski, wanda kumatunsa ya kumbura mako biyu, haƙoransa suna motsi. Matakin farko tambaya ce da dubawa: yaushe ya fara, yana ƙaruwa, akwai zafi, an taɓa saifa da hanta da sauran kaluluwa. Alamomin da ke wajabta tura majinyaci gaba sun haɗa da kaluluwar da ta wuce santimita 2, marar zafi, da ta haura wata guda, ko wadda ta fito a ramin saman ƙashin wuya, ko ƙarin da ake ganin ƙaruwarsa cikin kwanaki.

Mataki na biyu shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini da shimfiɗa jini a gilashi a duba, da gwajin zazzaɓi da ƙanjamau da tarin fuka, da hoton ƙirji da sikanin ciki. Na uku shi ne samun nama. Zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura yana da sauri da arha, kuma yakan nuna Burkitt, amma cire kaluluwa sukutum ya fi, domin likitan nazarin nama yana buƙatar ganin tsarin ginin ƙwayoyin. A Burkitt yakan ga siffar da ake kwatantawa da sama mai taurari. Na huɗu shi ne rina naman da sinadaran da ke manne wa tambarin kowace ƙwaya: CD20 yana nuna B, CD3 yana nuna T, CD30 da CD15 suna nuna Hodgkin, CD138 yana nuna ƙwayar filasma. Amfanin wannan a fili yake, domin maganin rituksimab da aka amince da shi a 1997 yana aiki ne kawai a kan ƙwaya mai CD20. Na biyar shi ne auna yaɗuwa bisa tsarin Ann Arbor na 1971, daga mataki na ɗaya, rukunin kaluluwa guda, zuwa na huɗu, inda ta shiga ɓargo ko hanta.

Matakai na uku zuwa na biyar aikin manyan asibitoci ne, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ga iyalin da ke tsibiri, wannan tafiya ce ta kwalekwale da mota da kuɗin masauki, kuma ba za su ɗaura niyyarta ba sai an fahimtar da su amfaninta. Akwai kuma haɗarin magungunan sitiroid irin deksametason da ake saye a kemis: suna rage ƙarin limfoma na ɗan lokaci, iyali su ɗauka an warke, sannan su ɓata siffar naman har likita ya kasa karanta shi.

7.0 Shawarar Kalmomi

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarar waɗannan:

i. Kaluluwa ta ɗauki ma'anar ƙwayar kanta, a ce "kumburin kaluluwa" idan ta tashi.
ii. Limfoma: sankarar kaluluwa, a bi ta da sunan nau'i, kamar ta Hodgkin ko ta Burkitt.
iii. Lukimiya: sankarar jini, mai gaggawa ko mai jinkiri.
iv. Mayeloma: sankarar ɓargo. A halin yanzu wasu kafofi suna kiran lukimiya da wannan suna, don haka ana buƙatar matsaya ɗaya.
v. Yankar nama: ɗaukar samfurin nama, tare da bayanin cewa gwaji ne.

An fifita "sankara" a kan "daji" saboda imanin ƙin allura ya fi manne wa ta biyun. An kuma guji "sankarar muƙamuƙi" ga Burkitt, domin zai maimaita raɗa suna bisa gurbi, ya bar yaran da cutar ta kama a ciki. Dole a amsa cewa "sankarar kaluluwa" ma tana da rauni, tunda wasu limfomomi suna fitowa a hanji ko fata ko ƙashi, kuma kusancin lafazin sankara da sanƙarau yana iya rikitar da mai sauraron rediyo. Ya kamata a gwada kalmomin a bakin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar Gungawa da Kambari, kafin a tabbatar da su.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Hausa tana da wadatar kalmomin kumburi, amma ma'auninta gurbi ne da kamanni, kuma sunan daji yana zuwa ne bayan lokacin magani ya ƙure. Likitanci yana rarrabewa da irin ƙwayar da ta lalace, abin da ba a sani sai an duba jini da ɓargo da nama. A ƙasar Yawuri, inda zazzaɓin cizon sauro ke share fage ga limfomar Burkitt da kumburin saifa, wannan giɓi yana da tsada. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne tattara sunayen da wanzamai da ungozomomi da Sarkawa ke amfani da su, da zama tare da likitocin jini na Birnin Kebbi da Sakkwato da Zariya don daidaita kalmomin da za a yi wa iyaye bayani da su.